Ƙarin Falle Biyu

Shekara arba'in da ɗaya Mai Sifirin ya yi yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, kuma in ka tambaye shi zai faɗa maka har da watannin da suka hau kai. Rumfarsa tana gindin gangaren da ya sauko daga unguwar kamfanoni ya nufi kasuwa. Kwano goma sha biyu ne a samanta, a ciki akwai benci ɗaya, jak huɗu na ɗaga mota, guduma uku, da 'yar maƙera a kusurwa. Ba ya taɓa inji, ba ruwansa da wayar wuta. Aikinsa ɗaya ne, sifirin, wato fallayen ƙarfen nan da ake jerawa wani bisa wani a saman tayoyin baya don su ɗauki nauyin kaya.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai kawunsa ya miƙa masa guduma. A lokacin manyan motoci ne ke cin kasuwarsu, masu tan goma da masu tan goma sha biyar, kowane kamfani da nasa jerin, da direbobinsa masu riga iri ɗaya. Sifirin ɗin irin waɗannan motoci sai ƙarti biyu ke ɗaga shi. Idan falle ya gaji a sake masa lanƙwasa, idan ya karye a canja shi, shi ke nan. Ba wanda ke zuwa ya ce a ƙara masa.

Daga baya kasuwa ta juya, kuma a gaban idonsa ta juya, don shi mutum ne mai ƙirge. Kowace Litinin da safe, kafin shayinsa ya huce, yakan ƙirga motocin kaya ɗari na farko da suka sauko gangaren. Shekara ashirin da suka wuce, sittin a cikin ɗarin manya ne. A bara goma sha huɗu ya samu. Hamsin da biyu ƙanana ne masu tan uku, sauran talatin da huɗun kuma kekuna masu ƙafa uku da aka yi wa akwati a baya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin babbar mota ɗaya ya kai na ƙanana huɗu, mai ya yi tsada, ga lungunan unguwannin da aka cika da shaguna babbar mota ba ta iya juyawa a ciki. Kamfanoni suka sayar da motocinsu, suka koma ba wa masu 'yar mota ɗaya aikin rabon kaya. Dillalan motoci ma sun fara zancen masu aiki da batir, wai nan da shekara biyar su za su cika titi. Mai Sifirin ya ce su zo, ko da iska suke tafiya dai a kan ƙarfe za su ɗora kaya.

Sai dai motar ce ta ƙanƙance, kayan ba su ragu ba. Mai motar tan uku kayan tan biyar ake ba shi, in ya ce ba zai iya ba akwai wani a bayansa yana jira. Nan aikin ƙarin falle ya samo asali. A sauke sifirin, a saka falle biyu ko uku a tsakani, a ɗaure da dogayen ƙusoshi, sai ka ga bayan motar ya ɗaga sama. A lafta mata tan biyar ba za ta durƙusa ba. A wannan aiki Mai Sifirin ba shi da na biyu. A shekara goma sha biyar ya yi wa mota dubu ɗaya da ɗari tara da 'yan kai. Da shi ya rufa wa gidansa kwano, da shi 'ya'yansa biyar suka yi karatu. Don kada a kawo masa ɓarnar wani a ce tasa ce, kowane falle da ya saka sai ya ɗora masa tsinin ƙarfe a gefe ya buga ɗigo uku.

Birki kuwa bai taɓa shiga lissafinsa ba. A layinsu kowa da gaɓarsa: mai birki yana can rumfa ta shida, mai taya ta tara, mai inji a tsallaken titi. Motar da ya mayar mai tan biyar da birkin tan uku take fita daga gabansa, kuma ba wanda ya ga abin magana a ciki, don ba a kawo masa ita don birki ba.

Mai tsofaffin ƙarafa ne ya fara kawo masa labarin, ba tare da ya san ya kawo ba. Duk ranar Alhamis yakan zo da kurarsa ya zube masa sifirin ɗin motocin da aka yanka, saboda tsohon ƙarfe ya fi na yanzu ƙwari nesa ba kusa ba. Wata Alhamis, Mai Sifirin yana goge tsatsa da babban yatsa, sai ya ji ɗigo uku. Ya tambayi mutumin daga ina wannan.

"Baba, ni a kilo nake saye, ba na tambayar tarihi," in ji shi. Sannan ya ce wata mota ce da gabanta ya koma cikin bayanta, a kan hanyar fita gari.

Bai sayar da wannan ɗaurin ba, bai kuma saka wa kowa ba. Ya jingine shi a kusurwa bayan maƙera. Bayan wata huɗu na biyu ya zo. A shekara shida ɗauri ashirin da bakwai suka dawo masa. Matarsa ta ce ai ba duka ne haɗari ba, mota tana tsufa kamar mutum, wata injinta ne ya mutu aka yanka ta. Ya ce ya sani, ya tambaya ɗaya bayan ɗaya: takwas tsufa ne, goma sha tara ba tsufa ba ne. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, a cikin ashirin da bakwai ɗin nan babu falle ko ɗaya da ya karye. Gilashi ya tarwatse, sitiyari ya lanƙwashe, kujerar direba ta haɗe da akwatin kaya, amma ƙarfensa ya dawo garau, a shirye yake ya hau wata motar.

Na ashirin da bakwai shuɗi ne. Mutum ɗaya kawai ya sani mai shafa wa har sifirin fenti, wani direba da ake kira Mai Fito, wanda ke kai buhunan fulawa gidajen burodi. Tun daga saman gangare ake jin fitonsa kafin a ji injinsa. Kusan kullum yakan tsaya su sha shayi, ya ce Baba ka tsufa a ƙarƙashin mota, ranar da za a binne ka sai an kawo jak. Shi ya roƙi falle uku, Mai Sifirin ya ce biyu sun isa, ya ce a saka uku, yana da 'yan mata huɗu da za a aurar. Aka yi dariya aka saka uku. Wata takwas tsakani ɗaurin ya dawo masa.

Tun daga ranar bai sake ƙara wa kowa falle ba. Shekara biyu da wata huɗu. A cikin masu zuwa wurinsa goma, bakwai suka koma wurin wani da ya buɗe rumfa a bakin gada, wanda ke haɗa karyayyen falle da walda ya shafe da baƙin fenti ya ce sabo ne. Mai Sifirin ya koma gyaran lanƙwasa da canjin roba, abin da ba ya cika yini. Sauran lokacin yana zaune a benci. Da rana tsaka, rana na dukan kwano, idan mota mai kaya ta taka birki a gangaren, a cikin ƙarar yakan ji fito, siriri, irin na mutumin da ke cikin nishaɗi. Ya san birki ne. Ya sha gaya wa kansa birki ne. Amma sai ya ɗaga kai.

Ana nan sai autarsa ta zo da mota.

Auta ita ce ta gado shi wajen ƙirge. Ta sayar da shagon ɗinkinta da kekuna shida da ke ciki, mijinta Dogo, wanda ya yi shekara tara yana tuƙa motar wani, ya haɗa da abin da ya tara, suka sayi 'yar fara mai tan uku, ta hannu amma mai lafiya. Wani kamfanin ruwan roba ya ba su layi: shago arba'in, kowace safiya, a gama kafin sha biyu. Kayan layin tan biyar ne. Ta zauna a bencinsa ta zayyana masa komai da yatsu. Sahu biyu ba zai yiwu ba, don man zai cinye ribar, kuma kafin a koma a sake lodi sha biyu ta wuce. Mutum goma sha ɗaya ne ke jiran layin in sun gaza. Ranar ɗaya ga wata za a fara, saura kwana bakwai. Falle uku take so.

Dogo yana tsaye daga waje, ya sunkuyar da kai don kada kwano ya buge shi.

Mai Sifirin ya ce ya daina. Ta ce ta sani, duk layin nan an sani, amma ita ba kowa ba ce. Ya ce don ba kowa ba ce ɗin.

"Baba, da ƙarin fallen nan ka biya mini kuɗin makaranta," in ji ta, murya ƙasa. "Yanzu da ya zo kaina ne ya zama haram?"

Ya ce dai su ba shi safiyar da kamfanoni ba sa aiki, akwai abin da zai nuna musu.

Ranar, hantsi bai gama ɗagawa ba, titi fayau, ya ari buhunan siminti ɗari a wurin maƙwabcinsa. A tsakiyar gangaren akwai kwana, a ƙarshen kwanar akwai turken wutar lantarki, kuma sai direba ya iso turken nan yake fara hango bakin kasuwa. Nan ya ja layi da alli. Ya ce Dogo ya sauko da gudun da ya saba, in ya taka layin ya danne birki iya ƙarfinsa. Aka ɗora buhu sittin, tan uku ke nan. Motar ta sauko, ta yi ƙara, ta tsaya. Ya auna da ƙafarsa daga layin zuwa hancinta, Auta na biye da shi tana ƙirga nata a fili. Taku goma sha tara.

Aka ƙara buhu arba'in. Bayan motar ya zauna har yana neman shafar taya. Dogo ya hau da ita da ƙyar, ya juyo. Ya taka layin, ya danne. Tayoyin suka kama, amma motar ba ta yarda ba, ta ci gaba da zuwa a hankali kamar ana turo ta daga baya, tana wari, ta wuce inda ta tsaya ɗazu, ta wuce wata kwata, sannan ta haƙura. Mai Sifirin ya ji fiton tun daga farko har ƙarshe. Taku talatin da huɗu.

Dogo ya sauko yana murza gwiwarsa ta dama. Ya yi 'yar dariya ya ce ai da ya san haka ne da ya ci abinci kafin ya fito. Ba wanda ya taya shi.

Auta ta daɗe tana kallon baƙin zanen da tayoyin suka bari. Ba ta musa ba, ita ma ta ƙirga. Ta ce Dogo zai riƙa saukowa da giya ta biyu, ba zai yi gudu ba, ba ya shan komai, ba ya waya a kan tuƙi. Ta ce kekunan ɗinkin sun riga sun tafi, wanda ya saya har ya buɗe shago da su. Sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba, in bai yi ba gobe za su kai wa na bakin gada, sun riga sun ji farashi.

Da ya koma gida cin abincin rana bai iya ci ba. Matarsa ta bar shi ya gama juya cokali, sannan ta ce, "Malam, kai naka ba ya karyewa, ka ce shi ne damuwarka. Na bakin gada nasa yana karyewa. In ya karye da mijin 'yarka a kan gangaren nan, hannunka yana da tsabta, sai ka gaya wa jikokinka haka."

Ya ce ba ta gane ba. Ta ce ta gane sarai, motar za ta ɗauki tan biyar ranar ɗaya ga wata ko da shi ko ba shi, abin da ya rage masa kawai shi ne ƙarfen wa za ta hau.

Washegari ya aika a kawo motar. Ya gindaya sharaɗi biyu: falle biyu zai saka masu kauri, ba uku ba, kuma kafin ta fita sai mai birki ya canja komai nasa sabo, shi zai tsaya a kansa. Auta ta ce ta yarda. Dogo ya ce Allah ya ƙara girma.

Sai maganar ƙarfe. Ya je shagunan kayan mota huɗu, ya ɗaga sababbin fallaye yana ƙwanƙwasawa da 'yar guduma. Duk ƙararsu ɗaya, a dakushe, irin ƙarfen da ke miƙewa bayan wata uku. Ya jira kurar Alhamis, ba a samu girman da ya dace ba. Saura kwana biyu. Ya san inda ƙarfen kirki yake tun kafin ya fara yawon nan, yana bayansa, taku huɗu daga benci. Ya sauke ɗaurukan kusurwa ɗaya bayan ɗaya yana gwada tsawo da faɗi da igiyar awo. Wasu sun yi tsawo, wasu sun yi faɗi, wasu ramin tsakiyarsu bai zo daidai ba. Ɗaya ne ya zauna cif, don motarsu iri ɗaya ce, kamfani ɗaya, shekara ɗaya. Shuɗin.

Ya zauna da shi a cinya wajen rabin sa'a. Mai shayi ya zo ya ɗauki kofinsa ya tafi bai sani ba. Daga nan ya ɗauko burushin ƙarfe da takardar yashi. Awa biyu da minti ashirin ya yi yana kankare fentin, har cikin lungun da ba wanda zai taɓa leƙawa, shuɗin gari yana zuba a kan ƙafafunsa. Ya duba kowane falle a hasken rana, ciki da baya, ko zai ga tsaga ko da ta kai silin gashi, wadda za ta ba shi hujjar fasawa. Babu. Ya zaɓi biyu mafiya kauri, ya shafa musu man giris, ya jera, ya ɗaure. Bai taɓa ɗaure ƙusa da irin wannan kulawa ba, kowace sai da ya koma mata sau uku. Da Auta ta zo da yamma ta tambayi inda ya samo ƙarfe mai kyau haka, ya ce a cikin kayansa.

Mai birki ya yi nasa aikin, yana mita wai tun da yake ba a taɓa tsaya masa a ka kamar ɗan koyo ba sai yau, kuma wai mai sifirin ne ma. Aka sake aron buhu ɗari, aka sake gwaji a layin alli. Wannan karon motar ta ɗauki kayan ba ta ko rusuna ba, abin sha'awa, har maƙwabta suka fito suna yaba hannun tsoho. Taku talatin da biyu. Duk sabon birkin taku biyu ya saya musu.

Ranar ɗaya ga wata, ƙarfe bakwai da kwata, farar motar ta sauko da ruwan roba har saman akwati, da giya ta biyu kamar yadda aka yi alkawari. Dogo ya danna masa ham, Auta a gefensa da takardar shaguna arba'in ta ɗago masa hannu. Ya ɗaga nasa. Ya bi su da ido har suka shige kasuwa. Ya san giya ta biyu ta makon farko ce. Ranar da lodi ya yi latti, shago goma sha biyar suka rage, sha biyu ta gabato, ƙafa da kanta take neman ta uku.

Bai buɗe rumfa ba. Ya hau gangaren a ƙafa har turken wutar, inda ragowar allin yake, ya juyo ya fara saukowa yana ƙirgawa. A bakin kasuwa, teburin farko da ke cin gefen titi na wata mai sayar da lemo ne, mace mai jiki, da 'yar jikarta a zaune a ƙarƙashin teburin tana wasa da ɓawo. Ƙafarsa ta taɓa ƙafar teburin a taku na ashirin da bakwai.

Ya gaishe ta, ta amsa, ta san shi da gani. Ya ce alfarma ya zo nema, ta ja teburinta baya taku biyar.

"Taku biyar? Baba, ai can cikin kwata ne. Wa zai gan ni? Ko kai ma hukuma ka zama?"

Ya ce a'a. Ta tambayi dalili. Ya dubi gangaren, ya dubi yarinyar. Ya ce dai motocin yanzu suna da nauyi.

Ta ce shekararta tara a nan ba abin da ya taɓa ta sai ƙura. Amma ta dubi furfurarsa, ta yi tsaki mara zafi ta ce don girmansa za ta ɗan matsa. Ya kama gefe ɗaya, ta kama ɗaya, lemo biyu suka gangaro ya tsince su. Suka ja. Ta ce nan ya isa, ko taku ɗaya ba za ta ƙara ba.

Ya auna da ido. Taku biyu suka ja. Ya yi mata godiya, ya sayi lemo uku da ba ya bukata, ya ce gobe in Allah ya kai mu zai sake leƙowa su gaisa.